'Yan shekara 90 da ɗaga ƙarfe: yadda ta kaya a wani gidan kula da tsofaffi a Boston

Gidan da mutanen cikinsa

Gidan a birnin Boston yake, can Amurka, ƙaton gida ne mai gado sama da 700 a lokacin da aka yi binciken ɗaga ƙarfen da za mu kawo, irin wanda ake kai tsoho ya zauna dindindin idan jiki ya ƙi kuma babu mai iya ɗawainiya da shi a gida. Akwai nas-nas, akwai likitoci, abinci a kan kari magani a kan kari, ba wurin wulaƙanci ba ne ko kaɗan. Mu dai a wajenmu tsoho a ɗakinsa yake tsufa cikin 'ya'ya da jikoki, su kuma can tsarin zamansu ne ya zo da haka, toh mu bar wannan.

Babbar matsalar mazauna gidan ƙafa ce. Tsohuwa za ta so tashi daga kujera, sai ta dafa hannun kujerar da hannu biyu, ta yi gaba ta yi baya tana neman ƙarfin da za ta yunƙura da shi, ta ɗago kaɗan sai gwiwa ta ƙi ta koma ta zauna, ƙarshe dai sai ta jira ma'aikaciya ta zo ta kama ta. Daga gado zuwa banɗaki ma tafiya ce. Mafi yawansu da sanda suke yawo ko ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu ko keken guragu, kuma da yawa sun sha faɗuwa. Ita kuwa faɗuwa idan ta samu tsoho ba ita kaɗai take zuwa ba, tsoro take kawowa, tsoron ya sa ya rage tashi, rashin tashin ya ƙara cinye naman cinyar, sai faɗuwa ta gaba ta fi ta farko sauƙi.

Dama can tsokar jikin ɗan Adam tana fara raguwa tun bayan shekara 30, kamar kashi 3 zuwa 8 cikin 100 duk shekara goma, bayan 60 kuma abun ya ƙara gudu. Kwanciya ta fi komai gaggauta shi. Daga baya ma an auna wannan a wani bincike da ya fito a 2007, inda aka kwantar da dattijai masu ƙoshin lafiya kwana 10 cif a gado, suka tashi sun rasa kusan kilo 1 na naman ƙafa. Masu lafiya fa kenan, balle wanda ya shekara yana wuni a kujera.

Abun da aka saba yi musu

Ba wai an zuba musu ido ba ne. A irin waɗannan gidaje akwai lokacin motsa jiki, sai dai wane iri? A jera tsofaffi a kan kujeru, a ɗaga hannu sama a sauke, a juya wuya, a miƙe ƙafa a lanƙwasa, a ɗan zaga da su a baranda, sai wasanni da sana'ar hannu da hira don kar kaɗaici ya kashe su. Komai a hankali, komai da lallami.

Dalilin lallamin kuwa kowa zai gane shi. Likitocin lokacin suna tsoron idan tsoho mai ciwon zuciya ko hawan jini ya yi nishi a ƙarƙashin nauyi wani abu zai tsinke, ko ƙashi mai rauni ya karye, ga kuma wani tunani da ya zauna a kan mutane cewa tsokar tsoho ta gama aikinta, ko an wahalar da ita ba za ta amsa ba. Binciken da aka yi ta yi da motsa jiki mara nauyi shi ma bai nuna wani ƙaruwar ƙarfi na a zo a gani ba, sai hakan ya ƙara tabbatar wa mutane abun da dama suka yi imani da shi. Ana nan ana ɗaga hannu ana saukewa, masu sanda na komawa ƙarfen dogarawa, masu ƙarfen na komawa keke.

1988: abun da ya fara sa shakka

A cikin Boston ɗin nan akwai cibiyar binciken abinci da tsufa ta Jami'ar Tufts, inda wani mai bincike, William Evans, yake da ɗakin gwaji a lokacin. A 1988 Walter Frontera da abokan aikinsa na wannan cibiya suka fitar da sakamakon wani gwaji da suka yi da maza 12 'yan shekara 60 zuwa 72. Maimakon lallami sai suka ɗora musu nauyi na gaske na sati 12, ƙarfin miƙe gwiwa ya ninka, ya ƙaru da kashi 107 cikin 100, naman cinya kuma ya ƙaru da kusan kashi 11.

Amma waɗannan dattijai ne masu lafiya da suke zuwa da ƙafarsu daga gidajensu. Tambayar da ta rage ita ce, ɗan shekara 90 mai cuta uku huɗu a jiki, wanda ko kujera ba ya iya tashi daga kai fa?

Gwajin farko: mutum 10, sati 8

Wata likitar tsofaffi mai suna Maria Fiatarone ce ta shiga gidan da wannan tambaya, tare da su Evans. Aka samu mutum 10 da suka yarda, ƙaraminsu shekara 86 babbansu 96, matsakaicin shekarunsu 90. Duk ba masu lafiya ba ne, akwai ciwon gaɓoɓi, ciwon zuciya, hawan jini, wasu sun taɓa karaya.

Ga yadda aka tsara abun, kuma nan ne ya kamata a lura sosai. Tsoka ɗaya tak aka sa a gaba, ta gaban cinya, wadda take miƙe gwiwa, ita ce ke ɗaga mutum daga zaune. Tsohon zai zauna a kujera, a ɗaura masa igiya a idon sawu wadda ta haɗu da ƙarfe mai nauyi, sai ya miƙe ƙafar har ta daidaita sannan ya sauke ta a hankali, ba jefarwa ba. Kafin a fara sai da aka auna wa kowa iyakar nauyin da zai iya ɗagawa sau ɗaya tak, wanda in an ce ya ƙara ba zai iya ba. A satin farko aka ba su rabin wannan nauyin don jiki ya saba, daga sati na biyu aka kai shi kashi 80 cikin 100. Sau 8 a jere, a huta, a sake 8, a huta, a sake 8, kowace ƙafa, kwana 3 a sati. Sannan duk bayan sati biyu a sake auna iyakar, in ta ƙaru a ƙara ƙarfen, don kar nauyin ya zama wasa a ƙafarsu. Kuma kowane zama akwai mai lura a tsaye a kansu, ana duba bugun zuciya da jini.

Mutum 9 ne suka kai ƙarshen sati 8. Ɗaya ya tsaya a hanya saboda yana jin ja a inda aka taɓa yi masa aikin ƙaba.

Sakamakon ya fito a mujallar likitoci ta JAMA a watan Yunin 1990. Ƙarfin ƙafarsu ya ƙaru da kashi 174 cikin 100 a matsakaici, wato ya kusa ninkawa sau uku. Da aka ɗauki hoton cinya da na'urar sikanin sai aka ga naman ya ƙaru da kashi 9. Saurin tafiyar nan ta jera ƙafa, inda dunduniya ke taɓa yatsun ɗaya ƙafar, ya ƙaru da kashi 48. Mutum biyu sun ajiye sandarsu. Cikin mutum uku da ba sa iya tashi daga kujera sai sun dafa, ɗaya ya koma yana tashi ba dafawa. Ba wanda zuciyarsa ta buga, ba wanda ya karye.

Bayan an daina: sati 4

Da gwajin ya ƙare sai kowa ya koma zamansa na da, kujera da gado da ɗakin cin abinci. Aka sake auna su bayan sati 4 da dainawa, aka tarar sun zubar da kusan kashi 32 cikin 100 na ƙarfin da suka kai. Wata ɗaya kacal, kashi ɗaya cikin uku ya tafi.

Ban da wannan ma gwajin yana da raunin da masu binciken kansu suka sani. Mutum 10 sun yi kaɗan, kuma babu wani rukuni da aka ajiye a gefe ba ya ɗaga komai don a gwada da shi. Mai gardama zai iya cewa ai kulawar da aka ba su ce da hirar da ake musu kullum ta farfaɗo da su, ko kuma dama zaɓaɓɓu ne masu zuciya. Ga kuma wata tambaya da ta taso, tunda da yawan tsofaffin gidan ba sa cin abinci sosai, anya ba yunwa ce asalin raunin ba? In haka ne ai sai a ƙara musu abinci a huta da maganar ƙarfe.

Gwaji na biyu: mutum 100, sati 10

Sai aka dawo da shiri babba, a ƙarƙashin wani tsarin bincike na gwamnatin Amurka kan rauni da faɗuwar tsofaffi da aka gudanar a garuruwa da dama. A wannan gida aka ɗauki mutum 100, mata 63 maza 37, daga shekara 72 har 98, matsakaici 87. Kashi 83 cikin 100 na amfani da sanda ko ƙarfen dogarawa ko keke, kashi 66 kuma sun faɗi a cikin shekarar da ta gabata. Akwai ma masu gigin tsufa a cikinsu, matuƙar dai mutum zai iya bin umarni mai sauƙi.

Aka raba su gida huɗu ta hanyar ƙuri'a, ba zaɓin kowa ba. Rukuni na ɗaya ɗaga nauyi kawai. Na biyu wani abun sha mai gina jiki kawai, mililita 240 mai kalori 360, kullum da yamma. Na uku aka haɗa musu duka biyun. Na huɗu kuma aka bar su da harkokin da gidan ya saba, wasanni da tattaki da motsa jiki a zaune, sai wani abun sha mara amfanin komai don kar su gane wane rukuni suke. Su ma 'yan rukuni na biyu ana kai su waɗancan harkokin, yadda ba za a ce wasu sun fi wasu samun kulawa da hira ba.

Atisayen kusan irin na farko ne, kashi 80 cikin 100 na iyakar mutum, sau 8 gida uku, kwana 3 a sati, kamar minti 45 duk zama, sai dai wannan karon an ƙara da tsokar ƙugu a kan ta gwiwa. Mutum 94 suka kai ƙarshe.

Abun da aka samu, Yunin 1994

Mujallar New England Journal of Medicine ce ta buga wannan. Masu ɗaga nauyi ƙarfinsu ya ƙaru da kashi 113 cikin 100, waɗanda ba su ɗaga ba kashi 3. Saurin tafiya ya ƙaru da kashi 11.8 a wajen masu ɗagawa, sauran kuwa raguwa ma ya yi da kashi 1. Ƙarfin hawa matakalar bene ya ƙaru da kashi 28.4, sauran 3.6. Sannan an ɗaura musu wata 'yar na'ura mai lissafa motsi, aka ga masu atisayen sun ƙara zirga-zirga da kansu a sauran lokutan, ba tare da wani ya ce su tashi ba. Mutum huɗu daga cikinsu sun bar ƙarfen dogarawa sun koma sanda.

Naman cinya kuwa bai wani ƙaru sosai ba wannan karon, kashi 2.7 ne, na sauran ya ragu da 1.8, bambancin ma bai kai wanda masu lissafi za su rantse a kai ba.

Abun shan nan mai gina jiki shi ne bai yi komai ba. Waɗanda aka ba shi kaɗai ba su ƙara ƙarfi ba, ba su ƙara sauri ba, ba su ƙara tsoka ba. Da aka bi diddigin abun da suke ci sai aka ga ashe rage abincinsu na yau da kullum suka yi, kamar yaron da aka cika wa ciki da fura kafin a sauke tuwo. Rukunin da ke ɗaga nauyi kuma yana shan abun ne kaɗai jimillar abincinsu ta ƙaru, su yunwar ta samu dalilin zuwa.

Abun da gidan bai amsa ba

Ba a nuna cewa faɗuwa ta ragu ba, mutum 100 a sati 10 ba su isa a gane wannan ba. A shekarar 1994 ɗin dai wani gwaji a gidajen tsofaffi na San Antonio da ke jihar Texas, wanda Cynthia Mulrow ta jagoranta da mutum 194, ya ba tsofaffi fisiyo na yau da kullum, wato motsa gaɓoɓi irin na asibiti, har wata 4, aka samu ɗan sauƙi a wajen motsi amma ƙarfi bai ƙaru ba. Maganar faɗuwa sai da aka jira wasu. A 2018 wani gwaji a Ostareliya, gidajen tsofaffi 16 mutum 221, ya haɗa ɗaga nauyi mai ƙaruwa da atisayen daidaita tsayuwa na sati 25, aka ci gaba da ɗan abun riƙewa bayan nan, yawan faɗuwa ya ragu da kashi 55 cikin 100.

Yadda nake ganin lamarin

Abun da ya bambanta wannan atisaye da wanda aka saba nauyi ne, nauyin da tsoka za ta ji a jikinta, da kuma ƙara shi duk bayan sati biyu. Tsoka ba ta ƙaruwa da abun da ta riga ta iya. Tsohuwar da ke ɗaga hannu a zaune tana motsi kam, jini na gudu, ranta na daɗi, duk wannan alheri ne, amma cinyar da za ta ɗaga ta daga kujera ba ta san ana yi ba. A ganina nan ne lallamin ya yi ɓarna, niyya mai kyau ce amma ta hana mutanen abun da jikinsu ke buƙata.

Wani abun da ya ja hankalina shi ne tazarar da ke tsakanin lambobin nan biyu, ƙarfi kashi 113 nama kashi 2.7. Ke nan mafi yawan ƙarfin da ya dawo ba sabon nama ba ne, jijiyoyi ne suka sake koyon yadda za su tashi tsokar da ke nan kwance ba a amfani da ita. Shi ya sa ake ganin canji cikin 'yan satuttuka, shi ya sa kuma yake zubewa da wuri in an daina. Wani ɓangare na raunin da muke jingina wa tsufa rashin aiki ne kawai, tsufan na da nasa kason ba musu, amma ba duka ba ne nasa.

Shi kuma abun sha ba laifinsa ba ne, ba a ce abinci ba shi da amfani ba, tsohon da ke fama da rama dole a ciyar da shi. Abun da aka gani shi ne abinci shi kaɗai ba ya zama ƙarfin ƙafa. Mu da in za mu gaida tsofaffinmu muke lodo madara da kayan shayi da maganin ƙarin jini, wannan ya shafe mu.

Ya shafe mu ta wata fuskar ma. Ladabinmu ne da zarar Hajiya ta yunƙura za ta ɗauko buta a ce "Hajiya zauna, bari a kawo miki", Baba zai tafi masallaci a ce ya yi a gida kar ya faɗi, a kawo kujera a ce daga yau a zaune za a dinga sallah tun ciwon gwiwar bai kai nan ba. Wanda larura ta kama shi kam addini ya ba shi sauƙi, ba shi nake nufi ba. Amma tsohon da har yanzu yake tashi daga tabarma, yake ruku'u da sujada ya miƙe sau da yawa a rana, yake tsugunno, cinyarsa na samun aikin da tsofaffin Boston sai da aka kawo musu ƙarfe kafin su samu, kuma ranar da aka raba shi da wannan don tausayi, sati 4 ɗin nan na gwajin farko ya nuna saurin da abun ke tafiya.

Kar kuma wani ya karanta wannan ya je ya ɗaura wa kakarsa dutse a ƙafa. A gidan nan sai da likita ya tantance kowa, ba a sa wanda ciwon zuciyarsa bai lafa ba ko mai sabuwar karaya, kuma ba a taɓa barin tsoho shi kaɗai da nauyi ba. Mai ciwon ƙirji, mai jiri, mai hawan jinin da bai daidaita ba, mai ƙaba, wanda aka yi wa aiki kwanan nan, a fara da asibiti, a nemi ɓangaren fisiyo su auna su tsara. Kuma a hana riƙe numfashi lokacin yunƙuri, shi ke harba jini sama.

In likita ya ba da dama, rashin na'urar atisaye ba hujja ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2020 ta ce 'yan shekara 65 zuwa sama su yi atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a sati, na daidaita tsayuwa haɗe da ƙarfi kuma kwana 3. Tsarin atisayen tsofaffi na Otago na ƙasar New Zealand ma a gida ake yinsa da ɗan nauyin da ake ɗaurawa a idon sawu, kuma ya rage faɗuwa da kusan kashi 35 cikin 100. Kujerar katako mai ƙwari da aka jingina da bango ta isa a fara, ba ta roba mai zamewa ba. A tashi a zauna a hankali sau 8, wani na tsaye a gefe, a huta minti ɗaya ko biyu a sake. Da farko da dafawa hannu biyu, in ya yi sauƙi a koma hannu ɗaya, sannan ba dafawa, sannan a rungume gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi a ƙirji, wato kilo ɗaya da rabi kenan, daga nan a ƙara ta biyu. Ana son na bakwai da na takwas su zo da ƙyar amma ba da ciwo ba, in ya kai goma yana hira to lokacin ƙari ya yi.